Martani: Kakar Indiana Fever Ta 2025 Ba Ta Tafi A Banza Ba

Na karanta sharhin da wani ɗan'uwa marubucin wasanni ya yi a kan kakar 2025 ta Indiana Fever, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwallon kwando na mata da ke buga gasar WNBA a Amurka. Idan aka tace maganar Malam, abu uku ya faɗa. Na farko, kakar ta mutu tun ranar da tauraruwar ƙungiyar Caitlin Clark ta ji rauni, duk abin da ya biyo baya cika umarni ne kawai. Na biyu, kaiwar da ƙungiyar ta yi zagayen kusa da na ƙarshe sa'a ce ta faɗo mata. Na uku, ita kanta gasar da bazar Clark take rawa, ranar da ta zauna kuwa kowa zai kama gabansa. Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma masu irin wannan ra'ayi ba su da kaɗan. Sai dai abin da ya faru a fili tsakanin watan Mayu da ƙarshen Satumba bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Bari in fara da inda muka yi tarayya, don kada a ce da gaba na zo. Yabon gwani ya zama dole. Kafin Fever ta ɗauki Clark a matsayin ta farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2024, mutum kimanin 4,000 ne ke zuwa kallon wasanta na gida a Indianapolis. Da zuwanta adadin ya haura 17,000 a kowane wasa, har wasu ƙungiyoyi suka riƙa mayar da karawarsu da Fever manyan zauruka don jama'a su samu wurin zama. A shekararta ta farko ta miƙa ƙwallo 337 da abokan wasanta suka zura a kwando, abin da babu wadda ta taɓa yi a kaka guda kafin ita. Ko a 2025, kafin jiki ya ƙi, ta nuna ko ita wace ce. Ranar 14 ga Yuni ta dawo daga jinyar cinya ta ci maki 32, Fever ta doke New York Liberty mai riƙe da kambu da 102 da 88, alhali Liberty ba ta taɓa shan kashi ba a wasanni tara da ta buga kafin ranar. Babu mai hankalin da zai ce Fever ta fi ƙarfi idan Clark tana zaune a benci. Ni ma ban faɗa ba.

Inda muka rabu shi ne ma'aunin da Malam ya ɗauka. A 2024 Clark ta buga dukkan wasanni 40. Fever ta ci 20, aka ci ta 20, ta shiga zagayen fitar da gwani karo na farko tun 2016, Connecticut Sun ta kore ta a wasa biyu ba tare da ta ci ko ɗaya ba. A 2025 Clark wasa 13 kacal ta buga cikin 44, na ƙarshe ranar 15 ga Yuli, lokacin da ta ji rauni a matsematsi. Duk da haka ƙungiyar ta ci wasa 24, aka ci ta 20, ta ɗauki kofi a tsakiyar kaka, ta tsallake zagayen farko, kuma wasa ɗaya ne ya tsaya tsakaninta da karawar ƙarshe. Na san za a ce an ƙara yawan wasanni, don haka 24 ɗin ba abin tinƙaho ba ne. To a bar lissafin jimla a dubi kaso: rabi ta ci a 2024, kusan kashi 55 cikin ɗari a 2025. Duk wanda ya tafa wa kakar 2024, kuma duniya ta tafa mata, da wane baki zai kira ta 2025 asara?

Malam ya tsallake kofin da ake kira Commissioner's Cup kamar ba a yi shi ba. Gasa ce da ake yi a cikin kaka, wadda ladanta a 2025 dala 500,000 ne. Ranar 1 ga Yuli Fever ta je Minneapolis ta sami Minnesota Lynx a gidanta, ƙungiyar da ta gama kakar a saman tebur da nasara 34. Clark na jinya a ranar, da kayan gida ta zauna a gefen fili. A kwata na biyu Lynx ta ba da tazarar maki 13, ana ganin an gama. Daga nan Fever ta toshe duk wata kafa, ta jera maki 18 ba tare da Lynx ta ci ko ɗaya ba har aka tafi hutun rabin lokaci. An tashi 74 da 59. Natasha Howard, wadda ta fara wasa a Fever tun 2014 ta je ta zaga wasu ƙungiyoyi ta dawo, ita aka zaɓa gwarzuwar wasan. Tsare kwando ne ya ci wannan kofi, kuma tsare kwando aikin mutum biyar ne a lokaci guda. Idan ɗaya ta makara da taku ɗaya, ƙofa ta buɗe.

Sai watan Agusta, wanda shi ne ainihin gwajin. Ranar 7 ga wata, a wasa guda da Phoenix Mercury, Fever ta rasa masu raba ƙwallo biyu: Sydney Colson ta tsinke jijiyar gwiwa, Aari McDonald ta karye a ƙafa. Kwana goma bayan haka Sophie Cunningham ta ji nata raunin a gwiwa. Chloe Bibby ma ta bi sahu. Ranar 4 ga Satumba Clark ta sanar da cewa ba za ta dawo ba sai wata kakar. 'Yan wasa biyar ke nan kakarsu ta ƙare a ɗakin jinya. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda kulob ke da 'yan wasa sama da ashirin da kuma matasa a ajiye, ba zai gane nauyin wannan ba sai an yi masa bayani. A kakar 2025 ƙungiyar WNBA ba ta wuce 'yan wasa 12. Idan masu lafiya suka gaza goma, doka ta ba ta damar ɗauko wadda ba ta da ƙungiya a kan kwantiragin kwana bakwai. Ta wannan hanya Odyssey Sims da Shey Peddy da Aerial Powers suka shigo. Mata ne da aka kira a waya, suka haɗa jaka, suka zo suna koyon tsarin wasan ƙungiya a otal da cikin jirgi, ba su da tabbacin mako mai zuwa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a watan nan miyar Fever ta ƙare ƙarƙaf.

Me ya biyo baya? A ranar da Cunningham ta faɗi, 17 ga Agusta, Connecticut Sun na gaba da maki 21. Kelsey Mitchell ta je hutun rabin lokaci da maki huɗu kacal. Ta dawo ta ƙara 34, ta gama da 38, Fever ta ci 99 da 93 bayan ƙarin lokaci. Ƙungiyar ba ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan tazara ba tun da aka kafa ta. Ƙungiyar da ta riga ta sallama kakarta ba ta yin haka. Da cika umarni suke yi, ga uzuri nan a hannu, babu wanda zai zarge su idan suka miƙa wuya.

Mu zo maganar sa'a. Sa'a tana iya ba mutum wasa ɗaya. Shi ya sa ma ba a yanke hukunci a zagayen fitar da gwani da wasa ɗaya, sai an kara sau da yawa. Fever ta gama a matsayi na shida, aka haɗa ta da Atlanta Dream ta uku, mai nasara 30. Atlanta ta ci wasan farko da 80 da 68. Fever ta rama a gida da 77 da 60. Aka koma Atlanta don raba gardama ranar 18 ga Satumba. Kusan duk rabi na biyu Atlanta ce a gaba, har saura 'yan mintoci tana da tazarar maki biyar. Fever ta ci maki bakwai na ƙarshe a jere. Saura daƙiƙa bakwai da 'yan kai, ƙwallo ta kusa kuɓuce musu, Sims ta tsince ta, ta hango Aliyah Boston ita kaɗai a ƙarƙashin kwando, ta miƙa mata, Boston ta zura. Atlanta ta nemi ɗan hutu ta tsara yadda za ta kai harin ƙarshe. Da aka jefo ƙwallo daga gefe, Lexie Hull ta riga wadda aka nufa isa wurin, ta fizge. An tashi 87 da 85. Rabon Fever da tsallake zagaye irin wannan tun 2015. Hull ta karanta inda ƙwallon za ta bi ne tun kafin a jefo ta, kuma irin wannan karatu a wurin atisaye da kallon bidiyon abokan karawa ake samun sa.

Daga nan sai Las Vegas Aces. Ya kamata mai karatu ya san girman abin da Fever ta tunkara. Aces ta rufe kakar da nasara 16 a jere. A cikinta akwai A'ja Wilson, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar karo na huɗu a wannan shekara, abin da babu wadda ta taɓa samu. Akwai Jackie Young da Chelsea Gray. Duk wanda ya kalli D'Tigress ta Najeriya a wasan dab da kusa da na ƙarshe na Olamfik a Paris a 2024 ya san Wilson da Young, don su ne a sahun gaban waɗanda suka tare wa 'yan matanmu hanya a wasan da Amurka ta ci 88 da 74. A lura kuma, waccan tawaga ta Amurka ta ɗauki zinare ba tare da Clark a cikinta ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan gwanayen da ke cikin gasar da Malam ya ce ta mutum ɗaya ce.

Fever ta je Las Vegas ta ci wasan farko da 89 da 73, Mitchell na da maki 34. Aces ta ci na biyu da na uku ba da wata wahala ba. Fever ta ƙi mutuwa, ta ci na huɗu da 90 da 83, Boston ta yi maki 24. A wasa na biyar, ranar 30 ga Satumba, ana tsaka da kwata na uku sai ƙafafun Mitchell suka ƙi ɗaukar ta, ta zube a fili, aka wuce da ita asibiti. Daga baya ta bayyana cewa wani ciwo ne da ke kama tsoka idan an gallaza mata aiki. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Boston ta cika laifi shida, alƙalin wasa ya fitar da ita. Wato babu Clark, babu Mitchell, babu Boston. Duk da haka Sims, matar nan ta kwantiragin kwana bakwai, ta kutsa ta zura, aka yi kunnen doki 86 da 86, aka tafi ƙarin lokaci. Sai da Wilson ta ci maki 35, Young ta ci 32, kafin Aces ta tsira da 107 da 98. Sims ta gama da 27. Bayan haka Aces ta je wasan ƙarshe ta share Phoenix Mercury sau huɗu a jere. Ke nan ƙungiyar da Malam ya ce sa'a ta kawo ta ta ci zakarun sau biyu, ita kuwa wadda ta kai wasan ƙarshe ko sau ɗaya ba ta ci su ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai a sharhin shi ne yadda sunan Kelsey Mitchell ya zo a matsayin cikon benci. Fever ta ɗauke ta ta biyu a zaɓen 2018 daga jami'ar Ohio State. Ta yi kaka shida ba ta leƙa zagayen fitar da gwani ba. A 2022 wasa biyar kawai ƙungiyar ta ci cikin 36. A waɗancan shekaru babu kyamarori, kujeru fayau, jirgin haya suke shiga kamar kowane fasinja, kuma ba ta tafi ba. A 2025 ta riƙa cin maki 20.2 a kowane wasa, mafi yawa a tarihin ƙungiyar, ta zo ta biyar a zaɓen gwarzuwar gasa, aka sa ta cikin biyar mafi iyawa na shekara. Aliyah Boston, 'yar tsibiran Virgin, ta ci kofin jami'o'i da South Carolina a 2022, Fever ta ɗauke ta ta farko a 2023, kuma duk masu zaɓe suka ba ta kambun sabuwar 'yar wasa mafi hazaƙa. Duka wannan kafin Clark ta iso. Clark ta tarar da gida ne da aka riga aka fara ginawa, ta kawo abin da ya rage.

Ita ma ƙungiyar ba jiya aka haife ta ba. Ta fara wasa a 2000. Daga 2005 zuwa 2016 ta shiga zagayen fitar da gwani shekara 12 a jere. A 2012 Tamika Catchings ta jagorance ta ta ɗauki kofin gasar a hannun Minnesota Lynx. Stephanie White, kociyar da ta riƙe ta a 2025, tana cikin mataimakan mai horarwa a wancan lokaci, kuma ita ce ta kai ta wasan ƙarshe a 2015. Abin dariya ma, ita ce kociyar Connecticut Sun da ta fitar da Fever a 2024, kafin a dawo da ita gida. A wata biyu White ta sauya mai raba ƙwallo sau da dama, ta sake fasalin hari don ya dace da waɗanda ke da lafiya. Sharhin da ya yi wa kaka hukunci ba tare da ya auna wannan aiki ba, bai kalli kakar ba, mutum ɗaya ya kalla.

Saura magana ta uku, cewa gasar ba ta da rai sai da Clark. Gaskiya ne masu kallo a talabijin sun ragu a wasu wasannin da ba ta buga ba. Haka tauraro yake a kowane wasa. Messi ya bar Barcelona a 2021, an yi ta cewa La Liga ta mutu, sai ga Barcelona ta ɗauki kofin a 2023 da 2025, jama'a kuma ba su daina cika gidajen kallo ba. A WNBA ma hujjar na nan a 2025. Golden State Valkyries sabuwar ƙungiya ce da ta fara wasa a wannan shekara a San Francisco. Ba ta da Clark, ba ta da wata mai suna irin nata. Ta sayar da dukkan tikitin wasanninta 22 na gida, sama da mutum 18,000 kowane dare, ta kuma zama sabuwar ƙungiya ta farko da ta kai zagayen fitar da gwani a shekarar da ta fara. Cikin 'yan wasanta har da Temi Fagbenle, mai tushe a Najeriya, wadda ta buga wa Fever a 2024. A ƙarshen watan Yuni kuma aka sanar da ba Cleveland da Detroit da Philadelphia izinin kafa ƙungiyoyi, kowace a kan dala miliyan 250, waɗanda za su fara wasa daga 2028 zuwa 2030. Attajiri ba ya zuba irin wannan kuɗi a kan lafiyar cinyar mutum ɗaya.

Wani zai ce wannan duk gardamar 'yan kallo ce, ba ta ci ba ta sha. Ba haka ba ne. A 2025 'yan wasan suna tsaka da ja-in-ja da hukumar gasar a kan albashi. Gasar ta ƙulla yarjejeniyar talabijin ta kusan dala biliyan 2.2 na shekara 11, amma albashin Clark kanta a shekararta ta farko dala 76,535 ne. Ƙarancin albashi ne ya sa da yawansu suka riƙa tafiya Turkiyya ko China ko wasu ƙasashe su yi wasa a lokacin da ya kamata su huta, kuma a irin wannan tafiya ce aka kama Brittney Griner a Rasha a 2022. A wasan taurari da aka yi a Indianapolis ranar 19 ga Yuli, dukkansu suka fito da riguna masu rubutun a biya su abin da suke bi, har da Clark da ke jinya. Duk marubucin da ya ce gasar ta mutum ɗaya ce, ko ya sani ko bai sani ba, yana cewa ne sauran mata sama da ɗari da hamsin ba su bin kowa bashi. Ita Clark ɗin da ake fakewa da ita ba ta yarda da wannan ba, tun da ta sa rigar.

Ba na cewa Fever ba ta da abin suka. Da Malam ya so, akwai wuraren da zai dama. An ɗauko DeWanna Bonner da kyakkyawan zato, ba ta wuce wasa tara ba aka rabu. Ƙungiyar ta yi ta tangal-tangal, yau ta doke babba gobe ƙarama ta doke ta, shi ya sa ta ƙare ta shida. A wasa na biyu da na uku da Aces an ga iyakarta ƙuru-ƙuru. Akwai kuma tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi: ya dace a ƙara wasanni zuwa 44 a cikin 'yan watanni alhali ƙungiya ba ta wuce mutum 12 ba? Faɗuwar Mitchell a fili bayan ta yi watanni tana ɗauke da kayan mutum uku ya isa ya sa a yi wannan tambaya. A nan ne muhawara mai amfani take, kuma da a nan Malam ya tsaya da na kasance cikin masu mara masa baya.

Hukuncin da kakar ta cancanta a bayyane yake. Fever ba ta ɗauki babban kofi ba, kuma babu mai cewa ta ɗauka. Amma ƙungiyar da ta rasa 'yan wasa biyar, ta ci kofin tsakiyar kaka a gidan ta ɗaya a tebur, ta fitar da ta uku, ta kai zakarun gasa ƙarin lokaci a wasa na biyar, ta yi kakar da ta fi kowace kyau a wurinta tun 2015. Ina roƙon Malam, da sauran 'yan'uwa masu sharhin wasanni a jaridu da rediyo, idan za mu yi wa ƙungiya hukunci mu kalli wasanninta tukuna, mu kuma kira kowace 'yar wasa da sunanta. Mitchell da Boston da Howard da Hull da Sims sun yi aikin da ya kai a ambace su.